Cikin da Aka Rubuta da Sunan Salma

Giwa Tazo,
8 ga Yuni

Zuwa ga taubashiyata Malama Salma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da 'yarki Ihsan da 'yan makarantar da kike wuni kina yi wa tsawa a Jega. Ya labarin maigidanki Abdussalam? Wata bakwai ke nan yana gadin albasa a Kumasi, ki tambaye shi ko ya manta hanyar gida ne. Mu nan lafiya lau. Ruwa ya sauka, an gama shukar gero.

Kada ki yi mini dariya don kin ga takarda. Wayar gidan nan ɗaya ce, tana aljihun maigida, kuma duk saƙon da ya shigo sai ya kai majalisa an karanta masa da ƙarfi. Asma'u mai daddawa, wadda za ta miƙa miki wannan ranar kasuwa, ba ta karatun boko. Shi ya sa na zaɓe ta.

Salma, na yi ɓatan wata, har biyu.

Ki karanta, ki rufe bakinki. Kin san sau uku ina ɓari. Na farko surukata ce ta yi shelarsa a bakin rijiya, bai ƙara sati biyu ba. Na biyu ni ce da rawar kai na sayi zanen goyo. Na uku mai awo ta garinmu ta gaya wa yayarta, yayar ta gaya wa gari. Na sani komai na Allah ne, kada ki fara mini wa'azi. Amma wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani gudu yake. Wannan karon na ɗaure: babu kunnen da zai ji sai ya fito da kansa. Maigidana ya gane, ni ma na gane ya gane, amma ko ni da shi ba mu furta ba.

Ke kaɗai na gaya wa, don tun muna kwana ɗaki ɗaya a gidan kakarki na san ki da ciki, ba don tuwo kaɗai aka yi miki shi ba. Abin da nake so, ki riƙe mini ƙirgen satittika, ki riƙa gaya mini abin da ya kamata in ci da wanda zan bari, tunda awo ba ni zuwa. Ganin al'adata na ƙarshe ran biyar ga Afrilu ne. Amma kafin komai ki rantse mini a takardar da za ki aiko.

Taki,
Gudiya


Jega,
15 ga Yuni

Yaya Gudiya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Ihsan tana gaida ke, ta ce ki aiko mata da ƙuli. Ina fatan maigidanki Malam Arzika yana lafiya, ki gaishe shi da aikin gona.

Na karanta takardarki a tsaye, na zauna na sake karantawa, na yi kuka. Allah ya raya, Allah ya tsare. Ga rantsuwar: wallahi tallahi ba zan gaya wa kowa ba, ko Abdussalam, sai ranar da kika sake ni da bakinki.

Maganar ƙirge kuwa, baƙauya, an daina ƙirga wa ciki wata da tsinke. Akwai wata manhaja da na saukar a wayata, mai hoton fure, kyauta ce. Ana saka mata ranar gani na ƙarshe, ita kuma kowane sati ta faɗi girman yaro da abin da uwa za ta ci. Na saka ran biyar ga Afrilu, ta ce yau kina sati goma.

Kada hankalinki ya tashi, sunanki bai shiga ba. Sunana na saka, da lambata, da shekaruna, kamar ni ce mai cikin. Ta nemi lambar maigida wai don gaggawa, ta ƙi wucewa sai an cike. Ban saka ta Malam Arzika ba, ina sane da majalisa. Tsohon layin Abdussalam na saka, wanda ya bari da zai tafi. Layin ya mutu, ko sun kira babu mai ɗauka. Kin ga dabara ko?

Ta ce ki ci zogale da wake da ƙwai, ki rage ɗaukar tulu. Ni kuma na ce awo dole ne. In ba ki son na garinku, ki je Maiyama inda ba a san ki ba.

Ƙanwarki,
Salma


Giwa Tazo,
29 ga Yuni

Malama,

Sallama da gaisuwa. Lafiya muke, sai kasala da tsartar yawu, ina fakewa da cewa shawara ce ke damuna. Ana noman farko.

Na ga rantsuwarki, na gode. Amma sauran takardar bai kwanta mini ba. Na ce kada ki gaya wa kowa, kin ce kin gaya wa fure. To furen nan wa ya shuka shi? Ai ba daga sama ya faɗo ba. Wasu mutane ne suka yi shi, suna da gari, suna da baki. Su wane ne? 'Ya'yan wa? In sun yi mini ba daidai ba, ƙofar gidan wa zan je in yi sallama?

Kuma kin ce kyauta. Salma, banza ba ta kai zomo kasuwa. Ko mai awon garinmu da ke aikin gwamnati sai an kai mata ƙwai. Waɗannan da ba su san ni ba, ba su san ubana ba, me za su ci da suke ƙirga mini sati don Allah? Kuma me ya haɗa ƙirge da lambar miji? Unguwarzoma ma ba ta tambayar wannan.

Ban ce kin ci amana ba. Na ce dai abin da mutum biyu suka sani, yanzu ban san ko mutum nawa ba ne. Maiyama kuma ba ni zuwa. Motar da zan shiga ta ƙanen maigida ce.

Gudiya


Jega,
6 ga Yuli

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Mun fara jarrabawa, kaina kamar ya tsage, in ban da haka lafiya.

Kin ba ni dariya da ƙofar gidan da za ki yi sallama. Kamfani ne, yana can wata ƙasa, mata dubbai ke amfani da abinsu. Wa ya san da wata Salma a Jega, balle wata Gudiya da ko sunanta ba su gani ba? Akwai wani dogon rubutu na Turanci da suka nuna kafin a shiga, na ga dai kalmar sirri a samansa da manyan baƙaƙe, na danna na yarda. In na ce miki na karanta duka na yi ƙarya, ya fi littafin ajina tsawo. Amma ai kowa haka yake yi.

Ga abin da ya fi wannan daɗi. Yau kina sati goma sha uku, wai girmansa ya kai lemon tsami, har yatsu sun fito. Jiya na tsaya gaban mai lemo a kasuwa ina ta murmushi, har ya tambaye ni ko lafiya.

Ki kwantar da hankalinki. Zato zunubi ne.

Salma


Giwa Tazo,
10 ga Agusta

Salma,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya ce ta sa kika yi shiru. Sati huɗu Asma'u tana dawowa hannu banza. Sau biyu ta ce ta tarar da ƙofarki da kwaɗo, maƙwabta kuma sai kallonta suke, babu mai cewa ga inda kika tafi.

Ni na san abin da ya rufe miki baki. Ran Lahadi mun je bikin suna a Sabiyal. Ina zaune cikin mata, na lulluɓe da babban hijabi, sai wata 'yar Aliero da ke aure can ta matso kusa da ni. Ta ce, "Gudiya, ashe haka abu ya hwaru cikin danginku? An ce wata ta ɓoye ciki har wata huɗu, ga shi asiri ya tonu. Allah shi kyauta." Ta faɗa tana leƙen fuskata. Wata huɗu, Salma. Daidai. Tuwon da ke hannuna ban san lokacin da na ajiye shi ba. Na dawo gida marata tana ciwo, na kwanta kwana biyu ina jiran abin da na saba gani. Allah ya tsare, bai zo ba.

Aliero garin mijinki ne, can uwarsa take. Ni ba ni da kowa a Aliero. To ta wace hanya maganata ta isa can? Na zargi Asma'u, na gwada ta, na miƙa mata takardar maganin ɓera a juye na ce ta duba mini, ta riƙe ta a juyen. Ba ita ba ce. Saura ke. Ko dai daɗin hira ya ɗebe ki kin gaya wa surukarki, ko kin gaya wa mijinki a waya shi ya gaya mata. Kika rantse da Allah, kika kira ni baƙauya, kika ce zato zunubi ne.

Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye miki ba. In wani abu ya sami cikin nan, ban san da wane ido zan dube ki ba. In kina da abin faɗi, ki faɗa. In babu, ki ƙona takarduna.

Gudiya


Jega, gidan Baba,
24 ga Agusta

Yaya Gudiya,

Wa alaikumus salam. Ihsan lafiya. Ni dai ina numfashi. Takardarki ta kwana goma a wurin maƙwabta kafin ta iso ni, don ba na gidana. Ina gidan mahaifina.

Ban gaya wa kowa ba. Rantsuwata tana nan yadda na ba ki. Matar da ake magana a Sabiyal ba ke ba ce, ni ce.

Layin da na ce miki ya mutu, ashe bai mutu ba. Da Abdussalam zai tafi ya saka wa mahaifiyarsa, Hajiya Bushira, a ƙaramar wayarta, ban sani ba. Farkon watan nan aka kira ta, tana tsakar gida da mata suna tsinkar zogale, wayar a buɗe don kunnenta ya yi nauyi. Murya ce ta mace, irin wadda ake naɗewa, da Hausa tas: "Barka da arziki, maigidan Salma. Uwargida ta shiga wata na huɗu. Ka tanadar mata maganinmu na ƙarin jini." Washegari wani asibitin kuɗi ya kira, wai a kawo Salma hoton ciki akwai rangwame. Rana ta uku masu kayan jarirai.

Hajiya ta aiko in zo Aliero. Ko ruwa ba a ba ni ba. Ta ce, "Ke Salma, ɗana wata tara ba shi ƙasar ga. Cikin wata huɗu na wa na?" Na ce ba ni da komai. Ta ce, "To waya mi kinka yi mata da za ta yi maki ƙazahi? Ta san sunanki, ta san garinku, ta san watanki." Na ce ƙirgen wata baiwar Allah nake riƙewa. Ta ce wace ce. Na yi shiru. Wannan shirun shi ya kashe ni.

Yanzu ga wautar da na yi, ki yi haƙuri kafin ki karanta. Na fito a gigice ina son kiran ya tsaya. Na shiga manhajar in rufe, ta ce sai na faɗi dalili, ta ba ni biyu kawai: an haihu, ko ciki ya zube. Haihuwa a wata huɗu ba ta yiwuwa. Na danna na biyun, na goge ta daga wayata. Sannan na je asibiti aka gwada ni, na kawo takarda cewa ba ni da ciki, ina murna na wanke kaina. Kafin in isa Aliero an riga an kira Hajiya: "Muna jajanta wa maigidan Salma bisa ɓarin da ta yi. Ga maganin wankin mahaifa." Ta karɓi takardar asibitin ta ce, "Ai dole shi nuna babu, tunda kin zubar." Garin neman gira na rasa ido.

Wani malamin kwamfuta a makarantarmu ya karanta mini dogon rubutun nan da na danna wa na yarda. Can ƙasa an rubuta suna iya ba abokan hulɗarsu bayanan mutum. Na yarda su ga lambobin da ke wayata, da hotunana, da inda nake kwana. Na kira masu maganin na ce wa ya ba ku sunana, yarinyar ta ce ita jeri ake ba ta, ba ta san daga ina ba. Na rubuta wa kamfanin sau uku su goge ni, sau uku na'ura tana amsa mini da godiya. Kin tambaye ni ƙofar gidan da za ki yi sallama na yi miki dariya. Babu ƙofar, Yaya.

Abdussalam bai kira ni ba, in na kira ba ya ɗauka. Ya bar maganar hannun baffansa Malam Usmanu, shi kuma ya ce in zauna gidanmu, in babu wani bayani zuwa ranar goma ga watan gobe zai rubuta takardar sakin da aka umarce shi. A makaranta an daina zama kusa da ni. Baba ba ya fita masallacin unguwa, sai na nesa.

Ban rubuto don ki sake ni ba. Ni na kai kaina, kin kuma gargaɗe ni. Na rubuto don kada ki kwana da zargina, ciwon mara ya kama ki a banza. Babu wanda ya san da naki.

Salma


Giwa Tazo,
29 ga Agusta

Salma,

Sallama. Ina lafiya.

Kin rubuta da yatsanki cewa cikina ya zube. Abin da nake tsoron bakin duniya ya faɗa, ke kika faɗa, kika aika wa mutanen da ba mu san ko su wane ne ba, suna can sun ajiye. Da na kai wurin na jefar da takardar, na kama cikina da hannu biyu. Ban taɓa jin haushin mutum kamar yadda na ji naki ba ran nan. Da kina kusa da na mare ki.

Ban gama da ke ba. Duk takardun da kika aiko mini suna nan, ban ƙona ko ɗaya ba. Zan kai su inda ya kamata.

Gudiya


Giwa Tazo,
7 ga Satumba

Taubashiyata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin samu barci. Asma'u ta ce da kika karanta takardata ta baya kin zauna a ƙasa kin ce shi ke nan, Gudiya za ta kai ƙararki wurin dangi. Ke dai karatunki na allo da alli ne kawai. Mu lafiya, gero ya nuna, yara sai gasa tumu.

Ran Laraba na je Aliero. Amma kafin nan sai da na yi abin da ya fi tafiyar wuya. Na sami maigida yana wasa lauje, na tsaya a kansa na ce ina da ciki wata biyar. Ya ce, "Na sani." Na ce na san ka sani, yau dai faɗa nake yi, don gobe zan faɗa wa wasu. Na ba shi labarinki. Ya ajiye laujen ya ce, "In munka yi shiru auren ɗiyar mutane ya mutu, da wane baki za mu roƙi Allah shi bar muna namu?" Shi ya ɗauke ni a babur, a hankali kamar ya ɗauko ƙwai, don hanya duk ta caɓe.

Mun isa da hantsi. Na tarar da Hajiya Bushira a tsakar gida da mata huɗu, na so ta sallame su, sai na tuna a gabansu aka ɓata ki. Na durƙusa na gaishe ta. Na ce, "Inna, cikin ga da waya ka hwaɗi, ga shi nan. Nawa na." Ta dube ni sama da ƙasa, hijabin nan ya rufe komai. Ta ce, "Taubasai ku ke, kin zaka ki ruhe mata asiri. Wancan an ce ya zube." Na ce bai zube ba. Na ɗage hijabin, na kama hannunta na ɗora.

Salma, yaron nan da ke wuni yana dukana, ran nan ya yi lakwas. Muna nan tsugune, matan sun zuba ido, ni ina karanta duk abin da na iya a zuci. Har ta fara janye hannun, sai ya harba. Sau biyu. Tsohuwar ta ce, "La'ilaha illallahu."

Duk da haka ba ta sauko ba, wai ciki ai kowace mace tana iya yi. Aka kira Malam Usmanu. Na ba shi takardunki, ya saka tabarau ya karanta a zaure da ƙarfi, maigidana na gefe: ranar biyar ga Afrilu, da rantsuwarki, da inda kika ce kin saka tsohon layi don ya mutu, har da "kin ga dabara ko?" Nan ya ɗaga kai ya ce, "Dabara kam an gani." Ya karanta baƙauya ma, bai tsallake ba. Ya ƙirga satittikan da yatsa suka zo daidai. A gabanmu ya kira Kumasi.

Hajiya ta yi kuka. Ta ce ita ba ta taɓa jin waya ta kira mutum da sunansa ta yi ƙarya ba. Na ce Inna ai ba ƙarya ta yi ba, abin da aka ba ta ta sayar. Da za mu tafi ta ɗaura mini albasa da ƙwai a ɗankwali. Kafin mu iso gida labari ya riga mu. Surukata tana bakin ƙofa tana jira, yanzu ko akuyar Giwa Tazo ta san watana.

Na sake ki daga rantsuwa. Haushin dai da saura, kada ki ɗauka ya wuce.

Gudiya


Jega,
14 ga Satumba

Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, na koma ɗakina shekaranjiya. Malam Usmanu da kansa ya zo ya ba Baba haƙuri, Hajiya ta aiko da turmin atamfa. Baba ya koma masallacin unguwa.

Ban san yadda ake gode wa irin abin da kika yi ba. Na san abin da kika ajiye a tsakar gidan nan, na san sau uku kina binne irinsa. Tun da na karanta takardarki, kowace sallah sai na roƙa miki kafin in roƙa wa kaina.

Abdussalam ya kira, ya yi ta ba da haƙuri, wai zai dawo ƙarshen wata. Na ce Allah ya kawo shi lafiya. Amma na gaya masa sati biyar yana da lambata, ya yarda da muryar da ba ta da fuska, bai tambayi matar da ta haifa masa 'ya ba. Wannan maganar tana nan tana jiransa, ba a waya za mu yi ta ba.

Kiran bai tsaya ba. Jiya ma sun kira Hajiya, wai ga maganin da zai sa Salma ta sake samun ciki da wuri. Ta ce musu Allah ya isa, muryar ta ci gaba da magana abinta. Malam Usmanu ya cire layin ya karya.

Abu ɗaya ke cina, abin da na danna. Malamin kwamfuta ya ce in na sake saukar da manhajar na shiga da lambata, zan iya gyarawa, in nuna cikin yana nan da ransa. Ina so in goge wannan mugun bakin da hannun da ya rubuta shi. In kin yarda, yau zan yi.

Ƙanwarki,
Salma


Giwa Tazo,
21 ga Satumba

Malama Salma,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, ana yankan gero. Tunda babu sauran abin ɓoyo, na je awo Maiyama a motar ƙanen maigida, ina gaba kamar matar ciyaman. Sun ce jinina ya yi ƙasa, sun yi mini faɗa don ban zo da wuri ba, sun ba ni ƙwayoyi. Sun saka wani abu a cikina na ji bugun zuciyarsa da kunnena. Yau kwana goma sha tara da na faɗa da bakina, yana nan yana harbi. Tsoron bai tafi ba, kullum da shi nake tashi.

Maganar gyara kuwa, kada ki kuskura. Ke ba ki daddara ba? Ki koma ki durƙusa musu, ki sake danna na yarda, ki ba su labari sabo su samu na sayarwa?

Na yi ta tunani a kan abin da kika danna. Kin tuna kakarki tana ba mu labarin ƙanenta, kakana, da uwarsu ta sha binne 'ya'ya kafin shi? Da aka haife shi ta ce a kira shi Ajuji, wai abin yarwa ne, don idon da ke nema ya wuce bai tsaya ba. Ya shekara tamanin da huɗu. Astagfirullah, na san rai na Allah ne. Amma ga yadda abin ya zama: surukata ta sani, Sabiyal ta sani, Aliero ta sani, duk waɗanda na ɓoye wa sun sani, kuma ƙwai suke aiko mini. Waɗanda ba su sani ba a duniyar nan su ne masu furen. A wurinsu ɗana ya mutu tun Agusta, ba su da watansa, ba su da sunan uwarsa, ba za su kira kowa ranar da zai zo ba.

Ki bar su a haka.

Ki shirya zuwa cikin Janairu, ke za ki riƙe ni. Ki zo da Ihsan, ki zo da zanen goyo, ni har yanzu ba ni iya saye. Wayar kuma ki bar ta a Jega.

Taki,
Gudiya